Lambar HRC da ke jikin wuƙa: daga ina ta samo asali?

Tambaya: Malam, na sayi wuƙa na ga an rubuta 58 HRC a jikinta. Me wannan ke nufi, kuma wa ya ƙirƙiro shi?

Amsa: Taurin ƙarfen ake nufi. Shi tauri ba a ɗora shi a kan sikeli, sai an ji wa ƙarfen ciwo a ga yadda ya jure. Maƙeri ma haka yake yi in ya goga magagari a bakin gatari: in ya kama, da saura, in ya zame, ya yi.

Da karce aka fara. A 1812 Bajamushe Friedrich Mohs ya jera ma'adinai goma, kowane yana karce na ƙasa da shi, daimon a ƙoli. Wannan ya wadatar da masu duwatsu, amma masana'anta lamba take so.

Sai a 1900 injiniyan Suwidin Johan August Brinell ya kawo dabarar da ta zauna. Ƙwallon ƙarfe mai faɗin milimita 10 ake dannawa da nauyin kilo 3,000, sannan a auna faɗin ramin da ya bari. Matsalarsa biyu: ramin babba ne, yana ɓata ƙaramin kaya, kuma in ƙarfen ya cika tauri ƙwallon ne ke lotsewa.

Nan Hugh Rockwell da Stanley Rockwell suka shigo. A kamfanin boris suke aiki a jihar Connecticut ta Amurka, suna neman hanyar duba kaya da sauri. Suka nemi rajistar na'urarsu a 1914, aka ba su a 1919. Ita zurfi take aunawa. A ma'auninta na C, wanda ake gwada ƙarfe mai tauri da shi, tsinin daimon ake fara dannawa da kilo 10 don ya zauna daram, a ƙara zuwa kilo 150, a sassauta, allura ta nuna lamba nan take. HRC ɗin wuƙarka ke nan, wato taurin Rockwell a ma'aunin C. A ganina saurin nan ne ya sa ta mamaye masana'antu, ba wai ta fi sauran daidaito ba. In aikin bincike ne, gwajin kamfanin Vickers na Ingila, na 1921, mai daimon siffar dala, ya fi dacewa.

Wuƙarka tana da kyau, 58 za ta riƙe kaifi. Amma kada ka ɗauka lamba mafi girma ce mafi alheri. In ta haura 62, bakin kan ɓantare in ya haɗu da ƙashi.