Tunda Assange ya amsa laifi da bakinsa, ba shikenan magana ta ƙare ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni ɗalibi ne ina karanta aikin jarida, mun yi musu sosai da abokaina a kan Julian Assange mai WikiLeaks, shafin nan mai fallasa takardun sirri. Ni na ce tunda shi da kansa ya amsa laifi a kotun Amurka a 2024 to mai laifi ne, babu sauran zance. Su kuma sun dage wai ɗan jarida ne aka zalunta. Dan Allah a warware mana, kuma me ya sa 'yan jarida suke ta ƙorafi har yanzu alhali an sake shi ya koma gida?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa, na gode da wannan tambaya. Ka faɗi gaskiya cewa ya amsa laifi, amma a wurinmu lauyoyi amsa laifi cikin yarjejeniya daban, hukuncin da kotu ta yanke bayan an fafata daban. Kafin in kai ga nan bari mu raba shari'o'in, domin guda uku ne mutane ke cakuɗawa.

Ta farko ta ƙasar Suwidin ce, inda mata biyu suka zarge shi da cin zarafi ta hanyar lalata a 2010. Ya musanta, ba a taɓa gurfanar da shi ba, kuma a Nuwamba 2019 masu bincike suka rufe fayil ɗin suka ce lokaci ya ja hujjoji sun yi rauni. Wannan ba ruwanta da aikin jarida, kuma ni ban yarda da magoya bayansa masu zagin matan nan ba, suna da haƙƙin a saurare su. Ta biyu ita ce tsallake beli a Birtaniya, lokacin da ya shige ofishin jakadancin Ekwado a Landan a Yuni 2012 ya zauna kusan shekara bakwai, har aka fito da shi ranar 11 ga Afrilu 2019 aka yanke masa mako 50. Ta uku, ta Amurka, a nan gizo ke saƙa.

Abin da ya jawo ta shi ne takardun 2010. Wani ƙaramin sojan Amurka mai aikin tattara bayanan sirri a Iraƙi, Manning, wanda a lokacin ake kira Bradley yanzu kuma Chelsea, shi ya kwashi bayanan ya tura wa WikiLeaks. A Afrilun shekarar suka saki bidiyon jirgi mai saukar ungulu na Amurka yana ɓarin wuta a kan mutane a Bagadaza a 2007, cikin waɗanda suka mutu har da ma'aikatan kamfanin dillancin labarai na Reuters biyu, Namir Noor-Eldeen da Saeed Chmagh, kuma Reuters ta daɗe tana neman bidiyon nan ta hanyar doka ba a ba ta ba. Daga nan sai rahotannin yaƙin Afganistan, sai na Iraƙi kusan 400,000, sai wasiƙun ofisoshin jakadanci sama da 250,000. Mu ma abin ya taɓo mu, don a cikin wasiƙun ne aka ga wata ta 2009 da ke cewa kamfanin Pfizer ya ɗauki masu bincike su tono laifin ministan shari'ar Najeriya na lokacin Michael Aondoakaa don a matsa masa ya janye ƙarar gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996. Kamfanin ya musanta, amma kaga irin abin da ba don tonon sililin nan ba da iyayen yaran ba su taɓa jin ko labarinsa ba.

Manning dai an yanke masa shekara 35 a 2013, Obama ya sassauta aka sake shi a 2017. Shi ma'aikacin gwamnati ne da ya yi alƙawarin riƙe sirri ya karya, shari'arsa ba sabon abu ba ce. Sabon abu shi ne a bi wanda ya karɓa ya buga. Gwamnatin Obama ta duba yiwuwar tuhumar Assange ta ja da baya, saboda ta kasa gano yadda za ta kama shi ta bar New York Times, tunda jaridar nan da Guardian da Der Spiegel da Le Monde da El País duk sun buga takardun tare da shi. Sai a zamanin Trump aka shigar da tuhuma 18, ɗaya ta haɗa baki wajen kutse a kwamfuta, 17 kuma a ƙarƙashin dokar leƙen asiri ta 1917, in aka tara mafi tsananin hukuncinsu ya kai shekara 175.

To ka lura da bambancin nan sosai. Ta kutsen, zargin shi ne ya yarda zai taimaka wa Manning ya fasa wata kalmar sirri. In da gaske ya yi, babu dokar da ta ba ɗan jarida lasisin fasa ƙofa, a tuhume shi a kawo hujja, ban da matsala da wannan. Amma sauran 17 ɗin, abin da suka mayar laifi shi ne neman bayanan sirri da karɓarsu da bayyana su, uku daga ciki ma a kan bugawar ce tsantsa. Yanzu dan Allah ka gaya min, wane ɗan jaridar bincike ne ba ya lallaɓar majiyarsa ya ce in akwai sauran takardu a ƙaro min, ba ya ɓoye sunanta, ba ya bugawa? Ai aikin kenan da ake koya muku a aji. Kuma babbar illar dokar 1917 ita ce ba ta ba wanda ake tuhuma damar kare kansa da cewa abin da na fallasa amfanin jama'a ne, ko da kisan fararen hula ka bankaɗo alƙali ba zai auna wannan ba, tambayar kawai bayanin tsaro ne ko a'a, kana da izini ko ba ka da shi.

Shi ya sa musun da kuke yi na ɗan jarida ne ko ba ɗan jarida ba ne, a ganina kun kama reshe kun bar tushe. Gyaran farko na tsarin mulkin Amurka, wato sashen da ke kare 'yancin faɗin albarkacin baki da na jarida, bai ce sai mai katin shaidar aiki zai kare ba, aikin bugawa yake karewa. Kuma ranar da aka bar wa gwamnati ikon tantance waye ɗan jarida na gaske, to duk wanda ya ɓata mata rai za ta cire shi daga layi. A 2017 shugaban hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA Mike Pompeo ya kira WikiLeaks ƙungiyar leƙen asirin abokan gaba wadda ba ta ƙasa ba, kaga an sake mata suna kenan kafin a zo kotu.

Ba wai ina wanke Assange ba ne fa. A Satumba 2011 WikiLeaks ta saki wasiƙun nan gaba ɗaya ba tare da goge sunayen mutanen da suka yi magana da jami'an Amurka a ɓoye ba, a ƙasashen da irin wannan kan kai mutum kurkuku ko kabari. Su 'yan WikiLeaks suna cewa kalmar sirrin fayil ɗin ta riga ta fita a wani littafi da 'yan jaridar Guardian suka rubuta, wasu shafuka ma sun riga su bugawa, amma duk da haka jaridu biyar ɗin nan sun fito sun yi tir da shi, ni ma har gobe ina ganin ganganci ne da rayukan mutane. Sai dai a shari'ar Manning janar ɗin da ya jagoranci binciken ɓarnar bai iya nuna mutum ɗaya da aka tabbatar an kashe saboda takardun ba. Kuma waɗannan jaridu biyar da suka soke shi, su ne dai a Nuwamba 2022 suka rubuta wa gwamnatin Amurka buɗaɗɗiyar wasiƙa cewa ta janye tuhumar, ba don ƙaunarsa ba, gemun ɗan uwa suka ga ya kama wuta. Batun imel ɗin jam'iyyar Demokrat na zaɓen 2016 da ya sa da yawa suka tsane shi kuwa, ba ya cikin tuhumar ko kaɗan.

A Landan an sha jan zare kan buƙatar Amurka ta a miƙa mata shi. Ranar 4 ga Janairu 2021 mai shari'a Vanessa Baraitser ta hana a miƙa shi, amma saboda lafiyar ƙwaƙwalwarsa da tsoron zai iya kashe kansa a gidan yarin Amurka, hujjojin 'yancin jarida kam ta yi watsi da su, mutane da yawa ba su lura da wannan ba suka yi ta murna. Amurka ta ba da tabbaci kan yadda za a tsare shi, babbar kotu ta juya hukuncin a Disamba 2021, ministar cikin gida Priti Patel ta sa hannu kan miƙa shi a Yuni 2022. Sai a 2024 alƙalai suka tsaya a kan tambayar da ta fi kowacce nauyi, shi da yake ɗan Ostireliya ne ba Ba'amurke ba, zai samu kariyar gyaran farko in an kai shi? Tabbacin da Amurka ta kawo bai gamsar da su ba, ranar 20 ga Mayu suka ba shi izinin ɗaukaka ƙara. Ka duba abin mamakin, dokar Amurka ta iya tsallaka teku ta kamo baƙo da ya yi bugunsa a wata ƙasa, amma ba a da tabbas kariyar tsarin mulkinta za ta rufe shi.

Bayan wata ɗaya sai ga yarjejeniya. Ya bar kurkukun Belmarsh bayan kwana 1,901, aka kai shi tsibirin Saipan, yankin Amurka a tekun Fasifik kusa da ƙasarsu, ranar 26 ga Yuni 2024 ya amsa tuhuma ɗaya tak, haɗa baki wajen samu da bayyana bayanan tsaron ƙasa. Aka yanke masa wata 62, wato zaman da ya riga ya yi, ya wuce Kanbera babban birnin Ostireliya. Mutumin da ya kwashe sama da shekara goma tsakanin ɗaki ɗaya a ofishin jakadanci da kurkuku, ga 'ya'ya biyu ƙanana suna jira, aka ce amsa ɗaya ka tafi gida yau, ni dai ba zan ga laifinsa ba.

Ga dalilin ƙorafin 'yan jarida. Yarjejeniya ba ta zama hukuncin da zai ɗaure wasu kotuna ba, wannan gaskiya ne, amma karo na farko kenan da aka samu mai wallafawa da laifi a ƙarƙashin dokar 1917, kuma tuhumar da ya amsa ba ta kutsen ba ce, ta samu da bayyanawa ce. A shari'ar takardun Pentagon ta 1971, wato takardun sirrin ma'aikatar tsaron Amurka da jaridu suka buga, kotun ƙolin Amurka ta ce gwamnati ba za ta hana jarida bugawa tun kafin ta buga ba, amma ba ta rufe ƙofar tuhuma bayan bugawa ba, kuma har yau ba ta amsa wannan ba. Shi kansa Assange a gaban alƙaliyar Saipan cewa ya yi shi a fahimtarsa gyaran farko ya kare abin da ya yi, kuma yana ganin dokar leƙen asirin ta ci karo da shi, sai dai ya yarda cin irin wannan shari'a zai yi wuya. Ɗaukaka ƙarar da aka shirya ji a Landan a watan Yulin shekarar kuma ba a zauna a kanta ba.