Mai keke ma yana da haƙƙi a titi?

Tambaya: Malam, da keke nake zuwa aiki. Jiya wata mota ta matse ni har madubinta ya bugi gwiwar hannuna, direban ya leƙo yana cewa marar lasisi ba shi da hurumi a titi. Gaskiyarsa ne?

Amsa: Sannu ɗan'uwa, Allah ya kiyaye gaba. Ba gaskiyarsa ba ne. Ana neman lasisi wajen direba ne saboda motar da yake tuƙawa tana iya kisa. A Birtaniya, tun 2022 ƙa'idar hanya ta ce direba ya bar tazarar aƙalla mita 1.5 in zai wuce mai keke. Kai ma ka sa fitila da dare, ka miƙa hannu kafin ka sha kwana, kuma don Allah kada ka raɓi babbar mota a kwana, domin direbanta ba ya hango ka ta madubi.