Ruwan hanya yana cika mana tabki da rairayi

Malam, ka ce a garinku kusa da Tawa ruwan damina yana cin gefen hanyar jar ƙasa, yana zuba rairayi cikin tabki. Gudun ruwan za ka fara karyawa.

Ku jera shingayen duwatsu cikin kwalbatin gefen hanya, tsayin santimita 30 zuwa 50. Tsakiya ta fi gefuna ƙasa, gefunan kuma a binne su cikin gaɓa, in ba haka ba ruwa zai zagaya ya yi sabon kwazazzabo. Tazara kuwa, saman shingen da ke gangare ya daidaita da gindin na sama. A shimfiɗa duwatsu inda ruwan ke faɗowa. Nan mutane suka fi mantawa, nan kuma shinge ke fara rushewa.

Ruwa na sauka a dasa gamba ko jema a jere, tsakani santimita 15. Rairayi ya kai rabin shinge, a kwashe, a kai nesa da tabkin. Buhunan ƙasa a madadin duwatsu kam, rana ke cinye su.

Idan zurfin ramin da ruwan ya ci ya wuce mita ɗaya ko ya kusa gada, aikin gabiyon ne, wato kwandunan waya cike da duwatsu: ku sanar da hukumar gari ta turo injiniya.