Hankalina ya ƙi tsayawa kan bitar jarrabawa, yaya zan yi?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na sakandare, kuma saura 'yan makonni mu fara jarrabawa. Kullum ina daɗewa zaune da littafi, amma hankalina ba ya tsayawa wuri ɗaya, abin da na karanta da daddare kuma kafin gari ya waye ya zube. Yanzu har karsashin buɗe littafin ma na rasa. Yaya zan yi?

Amsa: 'Yata, abin da kika bayyana ba kasala ba ce, ba kuma alamar ƙarancin basira ba ce, domin kuwa malalaciya ba ta damuwa har ta rubuto tambaya irin wannan. A ganina matsalar tana cikin yadda kike yin bitar. Mafi yawan ɗalibai idan aka ce su yi bita, sai su buɗe littafin rubutunsu su bi shi layi-layi, su kai ƙarshe su dawo farko, wani lokaci suna ja wa muhimman wurare layi da biro. Wannan karatu ne da ido ke yin aikinsa ƙwaƙwalwa tana zaune, kuma duk ƙwaƙwalwar da ba a ba ta aiki ba za ta nema wa kanta wani, shi ya sa za ki ga kin kai ƙasan shafi alhali tunaninki yana wani wuri dabam.

Masana sun gwada wannan al'amari. A shekarar 2006, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka sun ba ɗalibai wani ɗan rubutu, wasu suka yi ta maimaita karanta shi a zama huɗu, wasu kuma suka karanta a zama ɗaya, sannan aka karɓe takardar aka sa su rubuta abin da suka tuna har sau uku. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karatun ne a gaba, amma bayan mako guda sai lamarin ya juye: masu maimaitawa sun tuna kusan kashi 40 cikin ɗari, masu gwada kansu kuwa kusan kashi 61. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, masu maimaitawar ne suka fi amanna cewa za su tuna. Sabo da ganin shafi yana yaudarar ɗalibi ya ɗauka ya iya, sai ya shiga ɗakin jarrabawa ya tarar babu shafin a gabansa. A 2013 ma, John Dunlosky da abokan aikinsa sun auna hanyoyin karatu guda goma, suka sanya gwada kai da rarraba bita a kan kwanaki a sahun gaba, maimaita karatu da jan layi kuwa a sahun baya.

Saboda haka ki sauya tsarin zamanki tun daga yau. Ki ɗauki babi ɗaya kawai, misali yadda jini ke zagayawa a jiki, ki karanta shi a natse na kamar minti goma, sannan ki rufe littafin ki ture shi gefe, ki ɗauko farar takarda ki zana zuciya da ɗakunanta huɗu, ki rubuta hanyar da jini ke bi daga jiki zuwa huhu ya dawo. Za ki maƙale a wani wuri, wataƙila ki manta ko wane ɓangare ne ke tura jini zuwa huhu, kuma za ki ji babu daɗi. Kada wannan ya karya miki gwiwa, domin wahalar lalubo amsar ita ce ke kafa ta a ƙwaƙwalwa. Sai ki buɗe littafin ki cike giɓin da biro mai wata kala, don gobe idan kika dawo ki san inda za ki fara. A lissafi da kimiyyar lissafi kuwa, kallon misalin da malami ya warware ba bita ba ne. Ki rufe amsar ki warware da hannunki, ki kuma nemi tambayoyin jarrabawar shekarun baya ki amsa su da agogo a gabanki.

Batun zubewar karatu kafin safiya kuma, kowa haka yake. Tun a 1885 wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan koyo, sannan ta lafa, kuma kowace waiwaya tana rage saurinta. Don haka abin da kika yi yau ki gwada kanki a kansa gobe, sai bayan kwana uku, sai bayan mako. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma awa ɗaya da aka raba gida uku ta fi awa ɗaya a dare guda amfani.

Karsashin da kika ce kin rasa, kada ki zauna jiran dawowarsa kafin ki fara, don galibi a bayan farawa yake zuwa. Ya gudu ne saboda kin daɗe kina wahala ba ki ga sakamako ba, amma ranar da kika amsa tambaya bakwai cikin goma a babin da jiya kika amsa huɗu, da kanki za ki ji kina son ƙarawa. Ki daina ce wa kanki "yau zan yi karatu sosai", domin wannan alƙawari ne da ba shi da mafari balle iyaka. Ki rubuta tun da daddare cewa gobe da ƙarfe huɗu, a kan tebur kaza, za ki amsa tambayoyi biyar na babi kaza. Ki yi aiki na minti 25 ki huta na biyar, ki miƙe ki ɗan taka. Wayarki kuwa ki bar ta a wani ɗaki, kifa ta a kan tebur bai isa ba, domin kowane leƙe yana barin wani ɓangare na hankalinki a can ko bayan kin dawo kan littafi.

Ina roƙonki kada ki sayar da barcinki don ƙarin shafuka. A lokacin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya da rana, kuma likitocin barci suna ba da shawarar awa 8 zuwa 10 ga masu shekara 13 zuwa 18. Idan kuma kika gyara duk waɗannan amma fargaba ta ci gaba da hana ki barci ko cin abinci, ko kika ga abubuwan da kika saba jin daɗinsu ma sun fita daga ranki har tsawon makonni biyu, to ki sanar da iyayenki ko wata malama da kika amince da ita, a kai ki ga likita ba tare da an jira an gama jarrabawa ba.