Me Ya Sa Na Mayar Maka da Rubutunka

Ka tambaye ni dalilin da ya sa na mayar maka da rubutun fim ɗin nan, alhali ka bi littafin sau da ƙafa, babi bayan babi. To, yarona, bin sau da ƙafar ne ya kai ka ya baro. Labarin mutumin da ke komawa shekarun baya ko ya tsallaka gaba ba ya yarda a kwashe shi daga takarda a juye a allo yadda yake.

Mai karatu idan ya rikice sai ya koma shafin baya ya duba, mai kallo kuwa fim ɗin tafiya yake yi da shi. Audrey Niffenegger, a littafinta The Time Traveler's Wife na 2003, tana buɗe kusan kowane sashe da kwanan wata da shekarun mijin da na matar, don haka mai karatu bai ɓata. Kai ma ka ɗauko wannan dabarar, ka rubuta shekara a ƙasan allo duk sanda aka canza zamani. Bayan karo na uku ba mai karantawa, ido yana kan fuskar jarumi. Dubi abin da George Pal ya yi a 1960 da littafin H. G. Wells, The Time Machine, na 1895: ya ajiye mutum-mutumin tallar tufafi a tagar wani kanti da ke tsallaken titi, jarumi yana zaune a injinsa, kayan jikin mutum-mutumin suna ta sauyawa da sauyin yayi. Da wannan kowa ya ga shekaru suna gudu.

Sai maganar doka. Kafin ka rubuta sin, wato fitowa, na farko, yanke hukunci: abin da ya riga ya faru yana canzuwa ko ba ya canzuwa? A rubutunka jarumi ya kasa ceton ƙanensa saboda abin da ya faru ya faru, can gaba kuma ya ceci matarsa cikin sauƙi. A littafin marubucin ya lulluɓe wannan giɓin da tunanin zuci mai daɗin karatu, kai ba ka da wannan mayafin. Da ka lura da matsalar sai ka kawo wani farfesa ya tsaya gaban allo yana bayani har shafi biyar. Shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne a fim. Minti biyar kana karantar da mutanen da kallo ya kawo su! Nuna dokar sau ɗaya da abu ƙarami, kofi ya fashe, a koma a hana, a ga ko ya sake fashewa. Daga nan kada ka karya ta.

Abin da ya fi cin masu wannan aiki shi ne kwaɗayin ƙara girma. Gajeren labarin Ray Bradbury na 1952, A Sound of Thunder, duk ƙarfinsa a ƙanƙantarsa yake. Mafarauci ya koma zamanin dinoso, manyan dabbobin nan na dā da suka ƙare, ya taka malam-buɗe-littafi guda ɗaya, ya dawo ya tarar rubutun allon ofis ya ɗan sauya, wanda ya faɗi zaɓe kuma shi ne ya ci. Shi ke nan, kuma tsikar jiki sai ta tashi. Fim ɗin 2005 ya ga wannan bai isa ba, ya cika gari da dodanni da igiyoyin zamani masu zuwa ɗaya bayan ɗaya, aka kashe kuɗi, masu kallo suka ƙaurace. Haka fim ɗin The Time Machine na 2002, wanda tattaɓa-kunnen Wells da kansa ya ba da umarni: an ƙirƙiro wa jarumi budurwar da ta mutu don a ba shi dalilin tafiya, maganar da ta dami Wells kuwa, yadda masu hutu da masu ƙwadago suka rabu har suka zama halittu biyu a shekara ta 802,701, ta dusashe. Ni dai ban yafe wannan ba, ko da yake injin ya yi kyau.

Akwai kuma abin da kyamara ba ta iya ɓoyewa, wato fuska. Robert Heinlein ya fitar da labari a 1959 wanda manyan mutanen cikinsa duk mutum ɗaya ne a shekaru daban-daban. A takarda suna kawai za ka sauya. Da aka mayar da shi fim ɗin Predestination a 2014, sai da aka jingina da ƙunar fuska da aikin tiyata kafin sirrin ya kai ƙarshe. Littafin da kake aiki a kansa ma yana da irin wannan sirrin, tsohon da ke bin jarumi a baya. Ka rubuta "wani tsoho" ka wuce, ba ka tambayi kanka wa darakta zai ɗauka ya fito a matsayinsa ba.

Ga aikinka na makon nan. Samo babbar takarda ka ja layi biyu. A na sama jera abubuwan yadda suka faru a kalanda, a na ƙasa yadda jarumi ya rayu da su. Kowane sin ka rubuta shekarunsa, abin da ya sani, kayan jikinsa, da ko tabon goshinsa ya fito. Mai kula da ci gaban shiri da edita da ita za su yi aiki, domin ba a jere ake ɗauka ba. Farfesan nan kuma ka cire shi kafin ka kawo mini.