Python ko C don fitar da lambobin firam? Ga abin da na gani

Malam, ka tambaya ko yaren rubuta shirin kwamfuta na Python zai ishe ka fitar da lambobin firam, wato waɗanda ba sa rabuwa sai da 1 da kansu, ko dole sai ka koyi C. Ni ma na taɓa tsayawa a wannan mararraba.

Shirina na farko a Python yana ɗaukar kowace lamba ya gwada raba ta da duk waɗanda ke ƙasa da ita. Da ya yi nawa, sai na ɗora wa yaren laifi, na sake rubuta shi a C. Ya ƙara sauri kam, amma da na shiga miliyoyi sai ya sake cijewa. Ashe dabarar ce ba ta da kyau. Ranar da na koma rariyar Eratostenis, masanin nan na Girka da ya rayu fiye da shekara 2,000 da suka wuce, Python ɗin da na raina ta wuce wancan shirin na C nesa ba kusa ba. Ka jera lambobin daga 2, ka soke duk ninkin 2 ban da ita kanta, haka za ka yi wa kowace lamba ta gaba da ba a soke ba, wato 3, sai 5, ka tsaya idan lambar da kake kai, in an ninka ta da kanta, ta wuce iyakarka. Abin da ya rage su ne firam. Don ka tabbatar shirinka daidai yake, ƙasa da miliyan ɗaya dole ka samu 78,498. Har zuwa miliyan ɗari, Python da laburarenta na lissafi NumPy sun wadatar.

Daga biliyan ɗaya ne C ko C++ ke nuna amfaninsu, saboda ma'adanar kwamfuta. In kowace lamba ta ci bayit guda, gigabayit ɗaya ya tafi. Ka watsar da masu rabuwa da 2, ka ba kowace bit ɗaya (bit takwas ne bayit guda), sai abin ya dawo wajen megabayit 63. Ka kuma tankaɗe kashi-kashi, daidai abin da ƙaramar ma'adanar firosesa za ta ɗauka. Ƙasa da biliyan ɗaya ya kamata ka ga firam 50,847,534. Amma ka kula: a C, int, wato mazubin cikakkiyar lamba mai bit 32, tana ambaliya da zarar ka ninka abin da ya wuce 46,340 da kansa, kuma ba za ta gargaɗe ka ba. Wannan ya cinye min kwana biyu ina neman inda kuskuren yake.

In kuwa lamba ɗaya mai ɗaruruwan alƙaluma kake son gwadawa, rariya ba ta da aiki a nan. Gwajin Miller-Rabin ake yi, wato dabarar duba ko lamba ɗaya firam ce, kuma Python na ɗaukar lamba komai tsawonta, C kuwa sai da laburaren manyan lambobi irin GMP. Ni shirin lissafi na PARI/GP nake buɗewa, don masana lissafin lambobi ne suka gina shi.

Ka faɗa mana iyakar da kake son kaiwa da girman ma'adanar kwamfutarka, sai in turo maka tsarin da zai dace.