Tambaya da Amsa: Wane tanti zan ɗauka in hau Chappal Waddi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin makaranta ne a Bauchi. Mu huɗu muka yi shawarar idan Allah ya kai mu watan Janairu za mu je gandun dajin Gashaka-Gumti mu hau dutsen Chappal Waddi, kowa da jakarsa a baya, kowa da wurin kwanansa. Kafin nan ina so in gwada kwana a duwatsun Shere. Na duba intanet na ga tanti iri uku na mutum ɗaya. Na farko irin wanda ake jefawa ya buɗe da kansa ne, shi ya fi araha. Na biyu mai rufi biyu ne, nauyinsa kilo ɗaya da rabi da 'yan kai. Na uku bai kai kilo ɗaya ba, rufinsa ɗaya, da sandar dogarawa ake tayar da shi, amma kuɗinsa ya kusa ninki uku na mai rufi biyun. Abokaina sun ce in daure in sayi na ukun, wai nauyi ne ke kayar da mai hawan dutse. Tsawona santimita 184. Don Allah a ba ni shawara.
Mai karatu daga Bauchi

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya kai mu Janairun da rai da lafiya. Na biyun za ka saya, kuma ga dalilina.

Na farkon ba sai mun ɓata lokaci a kansa ba. Idan aka naɗe shi zagaye yake zama mai faɗi, ba ya shiga jakar goyo, in ka ɗaura shi a baya kuwa kowane reshe sai ya kama shi. Sandunansa na faiba ne, iska mai ƙarfi tana kwantar da shi a kan fuskar mai barci. Na wanda zai sauka daga mota ya kafa a gefenta ne.

Abokanka ba su yi ƙarya ba game da nauyi. Chappal Waddi mita 2,419 ne, babu dutsen da ya kai shi tsawo a Najeriya, yana can jihar Taraba kan iyakarmu da Kamaru, kuma tafiyar ba ta yini ɗaya ba ce. Duk abin da ka sa a jaka kafaɗarka za ta san da shi. Amma zauna ka yi lissafi. Tsakanin na biyu da na uku bambancin bai wuce giram 600 zuwa 700 ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce cif. Ke nan abin da za ka biya ninki uku don ka rage bai kai nauyin robar ruwa ta santilita 75 ba. Sannan na ukun ba ya tsayuwa sai da sandar dogarawa, ita ma saya za ka yi, ita ma tana da nata nauyin. Ka kuma lura, masu sayarwa sukan rubuta nauyi biyu, ƙaramin da suke sawa a gaba bai haɗa da turaku da igiyoyi da jakar tantin ba. Babban shi ne wanda za ka goya. Rarar kuɗin nan ka zuba ta a takalmi mai kyau da jakar barci mai ɗumi, don su ne za su yi maka rana a can sama.

Babban dalilina kuwa shi ne rufin. Na daɗe ina aikin safiyo, na kwana a daji rani da damina, kuma abin da ya fi jiƙa mai kwana a tanti ba ruwan sama ba ne, numfashinsa ne. Duk dare mutum yana fitar da tururi ta baki da fata. Tururin nan idan ya taɓa ƙyalle mai sanyi sai ya koma ruwa, kamar dai yadda murfin tukunya yake yin gumi ta ciki. A tanti mai rufi ɗaya gumin a saitin kanka yake taruwa. Ka tashi da asuba za ka yi alwala, kanka ya gogi rufin, ruwa ya gangaro maka ta wuya. Ƙafar jakar barcinka da ta jingina da bango ta jiƙe sharkaf, ga shi da ita za ka sake kwana gobe. A mai rufi biyu gumin yana tsayawa a rufin waje ya gangara ƙasa, kai kuma kana cikin ɗakin ciki, akwai tazarar 'yan yatsu tsakaninku da iska ke ratsawa. A tsaunukan Taraba, inda dare ke da sanyi ga raɓa ga hazo ko da rani, wannan tazara ta fi giram 600 daraja nesa ba kusa ba.

Rufi biyun yana da wani amfanin da masu ƙera tanti a Turai ba lallai su damu da shi ba, mu kuwa shi ne rabin cinikin. Kafin ka kai sama za ka kwana a ƙasa, a kwari, kusa da rafi, inda ake zafi kuma sauro ke da yawa. Nan sai ka cire rufin wajen, ka kwana a ɗakin raga kaɗai, iska na shiga ta ko'ina, sauro na waje. Mai rufi ɗaya ba ya ba ka wannan zaɓi: ko ka rufe ka dahu, ko ka buɗe a cije ka. Ka duba ragar ta kasance mai ƙananan idanu sosai, don akwai ƙwari da ke wuce idon gidan sauro na kasuwa. Tunda kuma da hunturu za ku je, ka nemi wanda ɗakin cikinsa ƙyalle ne daga ƙasa zuwa wajen rabi, raga daga nan zuwa sama. Wanda yake raga zalla har ƙasa, iskar hunturu tana shigo maka da ƙura da sanyi daidai inda fuskarka take.

Ka ce za ka fara da Shere, kuma ka yi dabara. Suna nan gabas da Jos, kusa da gari, can ne makarantar horar da 'yan Man O' War take, kuma sanyin Disamba da Janairu a wurin zai nuna maka gaskiyar kayanka tun kana kusa da gida. Shere za ta koya maka abu na biyu: wuri da yawa falalen dutse ne, turke ba ya shiga. Tantin da ake tayarwa da sandar dogarawa ransa duka a turaku yake, ɗaya ya tuge, ɗakin ya zube. Mai sanduna biyu da ke gicciye a sama yana tsayuwa da kansa ko ba turke, har kana iya ɗaga shi cak ka matsar da shi in ka ji dutse a ƙarƙashin haƙarƙari, da safe kuma ka ɗaga ka kakkaɓe yashi ta ƙofa. Duk da haka kada ka bar shi ba ɗauri. Inda turke ya ƙi, ɗaura igiyar a tsakiyar ɗan guntun itace, ka kwantar da shi, ka danne igiyar da babban dutse ta gabansa, yadda in iska ta ja sai itacen ya tokare. Sandunan kuma su zama na alminiyam. Faiba in ta karye tsagewa take yi ta huda ƙyallen. Alminiyam lanƙwashewa yake, kuma tanti mai kyau yakan zo da ɗan guntun bututu da ake zurawa a kan karayar a naɗe.

Yanzu lambobin da za ka gani a jikin talla. Wadda ke da "mm" a ƙarshenta tana nuna tsawon ruwan da ƙyallen zai iya ɗauka a kansa kafin ya fara tsattsafowa. Rufin waje 1,500 ya isa, in ya kai 2,000 ko 3,000 madalla. Daɓen ƙasa kuwa kada ya gaza 3,000, saboda gwiwa da gwiwar hannu suna matse ruwa ya ratso. Wadda ke da "D" kaurin zare ce. Tantuna marasa nauyi sukan yi 15D ko 20D, wato ƙyalle ne siriri ƙwarai, kuma ƙasarmu ƙasar ƙaya ce. Tsidau guda ɗaya a ƙarƙashin daɓe, ka durƙusa a kansa, ya huda. Don haka ka share wurin da hannunka kafin ka shimfiɗa, ka kuma sa wata shimfiɗa a ƙasa. Ba sai ka sayi ta kamfani ba. Leda mai kauri ta isa, ka yanka ta ta ɗan gaza daɓen ta kowane gefe. In ta leƙo waje, ruwan da ya sauko daga rufi a kanta zai taru ya bi ƙarƙashinka.

Tsawonka ne ya sa nake so ka sake duba awon kafin ka biya. Bangon tanti a karkace yake, wanda aka rubuta santimita 205 ba duka za ka mora ba. Mai 184 ya nemi 215 zuwa 220, tsawon sama kuma wajen mita ɗaya, yadda za ka zauna ka sa riga, in ruwa ya tsare ka ka yi salla a ciki. Ka fi son mai ƙofa a gefe, da ɗan zaure a ƙarƙashin rufin waje inda jaka za ta kwana. Takalmi dai ciki nake shigar da nawa, cikin leda. In ka bar shi a waje, kada ka zura ƙafa da safe sai ka kife shi ka buga, kunama tana son wurin.

Wani abu da ba kowa zai gaya maka ba shi ne launi. Akwai ƙudan tsando a kwarin Gashaka, kuma shuɗi da baƙi suke ja shi, shi ya sa ma tarkon da ake kafa masa da waɗannan launuka ake yin sa. In da zaɓi, ɗauki ruwan ƙasa ko kore mai haske ko ruwan toka. Tufafinka ma haka.

Abu biyu kuma nake roƙonka da su don Allah. Kada sanyi ya sa ka shigar da gawayi ko risho cikin tanti, ko na minti biyar. Hayaƙin gawayi yana da guba marar wari da ke kashe mutum cikin barci, ƙyallen nan kuma in ya kama wuta narkewa yake a jiki. Na biyu, Gashaka-Gumti gandun daji ne na ƙasa, mafi girma a Najeriya, ofishinsa yana Serti. Ku fara da can, ku karɓi izini, ku tafi da ma'aikatan gandun, ku ji ta bakinsu kan halin da hanya take ciki a makon da za ku tashi, in sun ce a dakata ku dakata. A Shere ma kada ka kwana kai kaɗai, kuma ka sanar da mutanen wurin. Tantin ne na mutum ɗaya, tafiyar ta jama'a ce.

TAMBAYA: Malam, na sayi tanti a gwanjo a Kano. Da na warware shi a gida sai na ji cikin rufin yana danƙo a hannu, yana wari mai tsami, wani farin abu kuma yana ɓarɓashi ta wajen ɗinki. Zai gyaru?
Mai karatu daga Kano

AMSA: Ƙanina, abu biyu ne ka gani, ɗaya yana gyaruwa, ɗaya da ƙyar. Farin da ke ɓarɓashi tef ne da ake mannawa a bayan ɗinki don kada ruwa ya bi ramin allura. Shi kam sai ka kankare shi, ka goge wurin, ka bi ɗinkin da gam ɗin toshe ɗinki na tanti, ka bar shi ya bushe kwana guda. Danƙon da warin kuwa shafen da ke hana ruwa shiga ne ya ruɓe, wanda ake rubutawa PU. Damshi da zafi ne suke cinye shi, musamman in an naɗe tanti bai bushe ba ya daɗe a dila. In ya kai ga danƙo ba ya komawa, sai dai a wanke shi tas a sake shafa sabo, kuma wahalar takan fi tantin. Shawarata ka riƙe ɗakin ciki da sandunan, ka mora su da rani a matsayin gidan sauro mai tsayuwa da kansa, amma kada ka shiga damina da wannan rufin. Gaba in za ka saya a gwanjo, sa a kafa maka shi a wurin, ka shafa cikin rufin, ka shinshina, ka ɗaga shi saitin rana ka nemi huda, ka ja kowane zif sama da ƙasa. Akwai na kirki a gwanjo, na sha ganin su.

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce a sashen nazarin tsirrai, za a fita da mu daji da bazara mu kwana. Zafi nake tsoro, amma tantin raga ba shi da sutura. Yaya zan yi?
Mai karatu daga Zariya

AMSA: 'Yar'uwa, damuwarki a kan hanya take. Nemi mai rufi biyu da ke da ƙofa biyu, ko da na mutum biyu ne ƙarami, ƙarin nauyin ba shi da yawa kuma za ki samu wurin sauya kaya a sake. Ki kafa shi yadda ƙofa ɗaya za ta kalli inda babu mutane, ki naɗe rufin wajen ta wannan gefen, ɗayan ki bar shi a sauke amma ki ja igiyarsa ya ɗaga daga ƙasa kamar taƙi guda, iska za ta ratsa. Ki zaɓi rufi mai ɗan duhu, don farin ƙyalle siriri yana nuna inuwar mutum idan an kunna tocila a ciki. Lokacin sauya kaya ki kashe ta. Kada ki kafa tun rana na tsaka, ki bari sai bayan la'asar, kuma a inuwa, saboda ranar bazara tana dafa cikin tanti tana kuma cin ƙyallen. In kuna da yawa mata, ku kafa naku a jere ƙofofi na kallon juna, ku ɗaura zani tsakanin biyun ƙarshe.